Fina-finan gida da ke cikin adakar Kaka: yadda ake kwashe su zuwa kwamfuta kafin laimar Kumasi ta cinye su

Bayan sadakar arba'in ɗin Kakanmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, aka sa mu fitar da kayan ɗakinsa. A ƙasan wata adakar ƙarfe, ƙarƙashin tsofaffin takardun cinikin goro, muka tarar da ƙananan faifan fim guda ashirin da ɗaya, kowanne bai kai tafin hannu ba, wasu har yanzu suna cikin kwalinsu na Kodak mai ruwan ɗorawa. Kawunmu da ya yi zaman Jamus a shekarun 1970 shi ya zo da kyamarar, duk zuwan da ya yi gida sai ya ɗauki Sallah, suna, aure, ko rakiyar alhazai.

Ɗoki ya hana mu tunani. Majigin yana nan cikin adakar, muka kai wa wani mai gyaran rediyo ya tayar da shi, da daddare muka kafa farin zane a tsakar gida. Ba a yi minti ɗaya ba zaren ya maƙale. Muna kallo fuskar wata mata ta kumbura a jikin zanen, ta yi ja, ta huje. Kafin a kai hannu a kashe, haƙoran majigin sun yage hujojin gefen zaren kusan kamu biyu. Goggo ta ce mahaifiyarta ce wannan matar.

Abin da zan jero a nan shi ne abin da na koya da sauran faifai ashirin ɗin. Dokar farko kuwa ka riga ka ji ta: kada ka ɗora tsohon fim a kan majigi don kawai ka ga abin da ke ciki.

Wane irin fim ne a hannunka?

Samo rula. Idan faɗin zaren milimita 8 ne, to ɗayan biyu ne. Akwai tsohon 8mm wanda Kodak ya fito da shi a 1932, akwai kuma Super 8 na 1965. Faɗinsu ɗaya, amma hujojin gefe sun bambanta. Na tsohon manya ne, suna zaune daidai kan layin da ya raba hoto da hoto. Na Super 8 ƙanana ne, suna tsakiyar kowane hoto. Ramin tsakiyar faifan ma yana faɗa maka: na Super 8 ya fi faɗi, ɗan ƙaramin yatsa yakan kusa shiga, na tsohon kuwa fensir ne sa'arsa. Idan zaren ya kai milimita 16, wannan shi ne 16mm na 1923, wanda makarantu, mishan da ma'aikatun gwamnati suka fi amfani da shi. Wanda ya ga hujoji a tsakiyar zare maimakon gefe, 9.5mm ne na kamfanin Pathé na Faransa, kuma ƙananan na'urorin gida ba sa karɓarsa.

Duba gefen zaren da kyau. In ka ga siririn layi mai launin ƙasa, irin launin zaren kaset, fim ɗin yana da wurin sauti. Super 8 mai sauti ya shigo ne a 1973. Ware waɗannan gefe guda, domin hanyarsu daban ce.

Girman faifai yana gaya maka tsawon kallo. Ƙaramin, mai faɗin inci 3, yana ɗauke da ƙafa 50, wato mita 15. A Super 8 wannan hotuna 3,600 ne, kuma tunda hoto 18 ke wucewa a daƙiƙa, kallon minti 3 da daƙiƙa 20 ne kacal. Tsohon 8mm mai wannan tsawon yakan ɗan haura minti 4. Faifan inci 5 ƙafa 200 ne, na inci 7 kuma ƙafa 400. Ka riƙe waɗannan alƙaluma, don masu aikin kwashewa da ƙafa suke lissafin kuɗinsu. Namu guda ashirin da ɗaya, duk tarihin gidan, da kaɗan ya wuce awa ɗaya.

Abubuwa biyu na gargaɗi. In ka tarar da baƙin ƙwanson roba a rufe, mai kusurwa huɗu, wataƙila fim ne da aka ɗauka ba a wanke ba; kada ka fasa shi, haske zai shafe komai. In Kodachrome ne, wato wani nau'in fim mai launi na Kodak, an daina wankinsa da launi tun Disamban 2010, sai dai wasu ɗakunan wanki a waje su fitar da shi baƙi da fari. Na biyu, in zaren mai faɗin milimita 35 ne irin na gidan silima, kuma ya girmi farkon shekarun 1950, yana iya zama mai sinadarin naitiret, wanda ke kamawa da wuta kamar fetur, ruwa kuma ba ya kashe shi. Nisanta shi da murhu da rana, ka nemi masana adana fim. Ƙananan fina-finan gida na Kodak ba a yi su da wannan sinadarin ba, don haka hankalinka ya kwanta.

Hanci kafin ido

Buɗe kowane kwali ko gwangwani a wuri mai iska, ka sansana daga nesa kaɗan. Lafiyayyen fim ba shi da wani wari sai na tsufa. In ka ji tsami kamar ruwan khal, cutar ruɓewar fim ta kama shi. Jikin zaren an yi shi ne da asitet, zafi da laima kuma suna warware shi ya koma fitar da ruwan tsami. Mugun abin shi ne tsamin da ya fita shi ke ƙara hura wutar ruɓewar, kuma tururinsa yana kama maƙwabtansa a adaka ɗaya. Zaren sai ya ƙanƙance, ya lanƙwashe kamar busasshen ganyen goro, daga baya ya riƙa karyewa. Ba ta da magani, sai dai a rage mata gudu.

Kumasi kuwa gidan wannan cuta ce. Damina biyu muke yi a shekara, ɗakunan zango rufin kwano ne, adakar ƙarfe kuma tukunya ce da rana. Ba mu kaɗai abin ya ci ba. Fina-finan da ma'aikatar fim ta Gold Coast, wadda aka kafa a 1948, da magajiyarta suka ɗauka, da yawansu sun lalace a wurin ajiya a Accra. Waɗanda suka tsira da kyau su ne waɗanda asalinsu ke ajiye a Landan. In na gwamnati ya sha wannan, ina ga na ƙarƙashin gado?

Akwai wasu 'yan takardun gwaji da ake kira A-D Strips, na wata cibiyar bincike da ke Rochester a Amurka. Ana saka ɗaya cikin gwangwani a rufe kwana ɗaya ko biyu. In ta zauna shuɗiya, lafiya lau. In ta koma kore, an fara. In ta yi ruwan ɗorawa, abin ya yi nisa. In kana da ɗan'uwa mai zuwa daga waje ka sa ya riƙo maka. In babu, hanci ya isa a fara.

Sai fumfuna. Za ka gan ta fari-fari ko toka-toka a gefen naɗin, kamar saƙar gizo-gizo. Abincinta shi ne ɓangaren da hoton yake kwance a kai, shi ya sa inda ta ci takan bar zane kamar jijiyar ganye, wanda ba ya fita. Sa takunkumi kafin ka taɓa irin wannan.

Yanzu raba su kashi uku: lafiyayyu, masu ɗan tsami ko fumfuna amma zaren yana warwaruwa ba tare da ƙara ba, da waɗanda suka manne ko suke karyewa. Kashi na uku ka bar shi yadda yake. Duk ƙoƙarin ɓamɓare shi a gida asara ce. Kashi na biyu shi zai fara shiga layi, don shi ne ke kan gaɓa. Ka manna wa kowane faifai lamba a jikin robar, ba a jikin zaren ba, ka ɗauki hoton kwalinsa gaba da baya da waya. Rubutun da ke kan kwalin, ko da kalma biyu ce da ajami, wani lokaci shi kaɗai ne shaidar shekara.

Dubawa, gyara da gogewa

Shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan tebur. Ka tanadi faifai marar komai mai girma ɗaya da naka, da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, da fitila marar zafi. In ba ka da sandunan naɗi na ainihi, katako da ƙusa biyu masu santsi sun wadatar: faifai mai fim a hagu, marar komai a dama, kana juyawa da yatsa a hankali. Riƙe zaren ta gefe da gefe kawai. Safar hannu ta auduga tana hana zanen yatsa, amma tana kama yagaggen huji ta ƙara yaga shi, don haka ni na fi son wankakken hannu busasshe lokacin duban farko.

Abin da kake nema shi ne tsofaffin mahaɗai da suka saki, da hujojin da suka yage. Mahaɗar da ta saki sai a sake ta da salatif na fim, wanda yake zuwa da hujojinsa a yanke daidai da irin fim ɗinka. Salatif ɗin kanti kada ya kusanci wurin. Gam ɗinsa yana narkewa ya bi naɗin ya manne komai. Haka ma gam mai kamawa nan take. Sannan ka ƙara farin zare marar hoto, kamar kamu uku, a farkon kowane faifai da ƙarshensa, don na'ura ta ci shi maimakon ta ci fuskar mutane.

Wajen gogewa, ruwa haramun ne, musamman inda fumfuna ta taɓa, domin hoton yakan narke ya bi ruwan. Sifirit ɗin kemis ma akwai ruwa da launi a ciki. Nemi kwalbar da aka rubuta isopropyl alcohol 99% a jikinta, a shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje ko wajen masu sayar da kayan gyaran waya a Adum, tsakiyar birnin Kumasi. Ɗiga kaɗan a ƙyalle mai laushi marar gashi, ninke shi, ka ratsa zaren ta tsakiya ba tare da matsewa ba, kana naɗawa sannu sannu yadda zai bushe kafin ya hau ɗaya faifan. Canza gefen ƙyallen akai-akai, in ba haka ba ƙurar da ka kwaso ita za ta karce sauran. Gwada a kan ɗan guntun ƙarshe tukuna, musamman mai layin sauti. In ka ga launin ƙasa a ƙyallen, tsaya.

Lokacin hunturu ya fi dacewa da bushewa, amma ƙurarsa takan shiga ko'ina. Rufe taga, yayyafa ruwa a ƙasa, ka bar ƙurar ta kwanta kafin ka buɗe faifai.

Hanyoyi uku na kwashewa

Ta farko ita ce wadda kowa yake fara tunani: a haska a bango a ɗauka da waya. Ita ce mafi araha, ita ce kuma ta ci mana faifai. Hoton yakan yi ƙyafta-ƙyafta, tsakiya ya yi haske gefe ya yi duhu, launi ya wanke. In dole ta sa, to sai da lafiyayyen fim kawai, kuma bayan an gwada majigin da wani zaren da ba a damu da shi ba. Duba bayansa: in na Amurka ne mai cin wuta 110, wutarmu 230 ce, sai da taransifoma mai rage ƙarfi. Haska a farar takarda marar sheƙi, hoton kada ya wuce faɗin littafin makaranta, kyamara a kan ƙafa kusa da majigin. Kashe duk wani saiti mai sarrafa kansa. Sirrin rage ƙyaftawa lissafi ne: yawancin majigai suna katse hasken sau uku a kowane hoto, don haka in majiginka yana da maɓallin gudu, ka sauke shi zuwa hoto 16 da biyu bisa uku a daƙiƙa, katsewar ta zama 50, sai ka saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa da saurin buɗewar ido (shutter) 1/50 na daƙiƙa. Kana juya maɓallin kana kallon allon kyamara har ƙyaftawar ta lafa.

Ta biyu ita ce ƙaramar sikana ta gida, irin Wolverine ko wadda ake sayarwa da sunan Kodak. Ita ba ta haska fim da fitila mai zafi. Tana jan zaren ta ɗauki kowane hoto ɗaya bayan ɗaya, kusan biyu a daƙiƙa, ta haɗa su ta zuba a memori. Ƙaramin faifai na minti 3 yakan ci rabin awa. Da ita na yi lafiyayyun namu, kuma ga abin da aikin ya koya mini.

Kafin komai, tura maɓallin zaɓi zuwa irin fim ɗinka, 8mm ko Super 8. Goge tagar da hasken ke fitowa da buroshi mai laushi kafin kowane faifai. Gashi ɗaya a wurin zai zauna a kan fuskar amarya daga farko har ƙarshe. Shiga saitin girman hoto ka ja baya har sai ka ga gefen hoton duka huɗu, har da ɗan hujin. Yankewa aikin kwamfuta ne daga baya, abin da na'ura ta yanke kuwa ya tafi. Rage saitin kaifin hoto zuwa ƙasa, domin na'urar tana ƙara wani kaifi na ƙarya da ke sa fuska ta yi ƙuraje. Kada ka tashi ka bar ta: kowace mahaɗa tana iya maƙalewa. In hoton yana rawa sama da ƙasa, sau da yawa faifan da ke karɓa ne yake ja da ƙarfi. Cire zaren daga kansa ka bar shi ya zuba cikin kwali mai tsabta, ka naɗe da hannu bayan an gama. Sannan ka haɗa ta da batirin ajiyar wuta irin na kwamfuta. Dumso, kamar yadda muke kiran ɗaukewar lantarki a Ghana, ya taɓa ɗauke mini wuta a minti na ashirin da takwas, fayil ɗin ya ƙi buɗewa, na sake daga farko.

Iyakarta kuwa a fili take. Ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Ba ta karɓar 16mm. Tana matse hoton sosai, wuraren duhu su cushe. Kuma da ɗan haƙori take jan zaren, saboda haka fim ɗin da ya ƙanƙance ba abincinta ba ne. Araha ba ta ado. Amma in dangi suka haɗa kuɗi, ko ƙungiyar unguwa ta sayi ɗaya ana karɓa-karɓa, ta fi majigi nesa ba kusa ba.

Ta uku ita ce kai wa ƙwararru masu manyan na'urori irin Lasergraphics ko Filmfabriek, waɗanda ke tafiyar da zare a kan tayoyin roba ba tare da haƙori ba. Nan ne wurin masu tsami, masu sauti, da 16mm. Namu guda huɗu da wani ɗan'uwa mai komawa Jamus na haɗa su, a jakar hannu ba a cikin kaya ba. Na'urar binciken filin jirgi ba ta cutar da fim ɗin da aka riga aka wanke. Kafin ka aika waje, ba laifi ka tuntuɓi malaman makarantar koyon fim ta Accra, wadda aka kafa a 1978 da sunan NAFTI, ko ma'ajiyar sauti da hotuna ta Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Ghana da ke Legon, ka ji shawararsu.

Ko a ina ne, yi wa mai aikin tambayoyi kafin ka miƙa. Hoto ɗaya-ɗaya na'urarka take ɗauka, ko haskawa kake yi ka ɗauka? Da haƙori take ja? Wane girma za ka ba ni? A ma'aunin girman hoto, kada ka karɓi ƙasa da 1080, in da hali ka nemi 2K, wanda ya fi shi. Zan sami babban fayil marar matsi sosai, ProRes ko FFV1, ban da ƙaramin MP4? Za ka dawo mini da faifaina? Wanda ya ce zai zuba maka a DVD kawai, yi masa godiya ka wuce. Kuma ka fara ba shi faifai ɗaya na gwaji, kada ka juye masa adakar gaba ɗaya.

Gyara a kwamfuta

Da ka cire memori, kwafe fayilolin cikin jaka mai suna "asali", kada ka sake taɓa su. Duk gyara a kan kwafi ake yi.

Gyaran farko shi ne gudu. Ƙananan sikanonin nan sukan fitar da fayil mai hoto 20 a daƙiƙa, tsofaffin samfurinsu ma 30, alhali an ɗauki Super 8 a 18, tsohon 8mm kuma galibi a 16. Shi ya sa za ka ga dattawa suna tafiya da sauri kamar an biyo su. A manhajar Shotcut ko DaVinci Resolve, duka ana samunsu kyauta, sauke gudun: daga 20 zuwa 18 kashi 90 cikin ɗari ne, daga 20 zuwa 16 kashi 80, daga 30 zuwa 18 kashi 60. Alamar ka dace ita ce tafiyar mutum da kaɗawar babbar riga su yi daidai da ido.

Bar hoton a siffarsa ta 4:3. Baƙin fili a hagu da dama ba aibi ba ne. In ka miƙe shi ya cika allo, kowa zai yi ƙiba. Launi kuma ka taɓa shi da sauƙi. Kodachrome yana riƙe launinsa abin mamaki, wasu nau'o'in kuwa sukan koma ja-ja. Nemi wani abu da ka san fari ne, rawani ko farar shadda, ka daidaita sauran a kansa. Manhajojin da ke "gyara" fuska da basirar na'ura ni ba na yarda da su a nan. Na gwada ɗaya, ta ba Kaka hanci da haƙoran wani mutum daban. Kiɗa ma ban sa ba. Fim ɗin shiru aka ɗauke shi, kuma akwai sautin da ya fi kiɗa dacewa da shi, zan zo kansa.

Suna fayil yadda baƙo zai gane: shekara, wuri, abin da ya faru, lambar faifai. Misali 1976_Aboabo_suna_faifai07. Babban fayil na ProRes yana iya cin gigabait 60 zuwa 80 a awa guda, don haka tanadi wuri. Ajiye kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya kuma a wani gari: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun ajiya na waje, ɗaya a intanet ko wajen 'yar'uwa a Accra ko Tamale. Filas ba ma'ajiya ba ce, abin aike ne. In za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin takarda, in ba haka ba zai matse shi har fuskoki su dagule. Duk bayan 'yan shekaru ka kwafe zuwa sabon rumbu.

Faifan asali kuma kada ka zubar. Na'urar shekara goma mai zuwa za ta fitar da abin da ta yau ta kasa. Cire robar ɗauri da tsohuwar takardar jarida daga jikinsu, ka fitar da su daga adakar ƙarfe zuwa ɗaki mafi sanyi a gidan, sama da ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙa. Masu tsami su zauna daban. Ƙwayoyin silika masu shan laima suna taimakawa in ana canza su. Ma'ajiyoyin fim a waje firiza suke sa masu tsami, cikin leda biyu a rufe ruf, amma da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, daskarewa da narkewa za su jiƙa fim ɗin su fi zafin ɓarna. In wutarka ba tsayayya ba ce, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Zama da manya

Wannan matakin kada ka jira sai ka gama gyaran launi. Da ka sami fayil na farko, ko bai yi kyau ba, ɗauki kwamfuta ka je wajen wanda ya fi kowa shekaru a gidan. Ajiye waya tana naɗar murya, ka kunna, kana tsayarwa a kan kowace fuska. Kada ka tara jama'a da yawa a zaman farko, surutu zai danne muryar da ka zo nema. Wannan naɗin shi za ka ɗora a ƙarƙashin fim ɗin a kwafin da za a raba wa dangi, ka kuma rubuta sunayen a takarda da mintin da kowa ya bayyana.

Shekara kuwa hoton da kansa yakan tona ta. In motoci suna bin hannun hagu a titi, kafin 4 ga Agustan 1974 ne, ranar da Ghana ta koma dama. In tutar ƙasa ta fito da fari a tsakiya maimakon ruwan ɗorawa, tsakanin 1964 da 1966 ne. A gefen zaren Kodak akwai ƙananan alamomi, da'ira, murabba'i ko mai kusurwa uku, masu nuna shekarar da aka ƙera fim ɗin, suna maimaituwa duk shekara 20. Ana samun jadawalinsu a intanet. Ga gidajen zango da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta raba a ƙarshen 1969, wanda ke cikin hoto da wanda babu shi ma shaida ce.

Kafin ka ɗora komai a Facebook ko TikTok, nemi izini. A cikin namu akwai wurin da mata suke cikin gida ranar kamu, ba mayafi, suna rawa. Kawu ɗan gida ne shi ya sa suka sake. Wasu cikinsu yau hajiyoyi ne masu jikoki, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wannan ɓangaren ya tsaya a waya tsakanin mata, ba a kai shi kasuwa ba.

Ranar da na kai wa Goggo faifai na bakwai, ta sa tabarau ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon.

"Tsaya nan, ɗana. Koma baya kaɗan."

Na koma. Wani dattijo ne mai jar dara yana riƙe da ragon suna.

"Goggo, wane ne?"

"Maƙwabcinmu ne, mahauci, mutumin Sakkwato. Shi yake yanka wa Baba." Ta yi shiru tana taɓa goshi. "Sunan ya ɓace mini. Bari Hajiya ta Asawase ta zo ranar Juma'a, ita za ta tuna."

A takardata, gaban minti na biyu da daƙiƙa goma, na rubuta "mahauci, a tambayi Hajiya", na bar fili a gabansa.